Daga Zarra Zuwa Ƙafar Jirgi: Kwamfuta da Sirrin Ƙwayoyin Ƙarfe

(Wannan lacca ce da ɗaya daga cikin malaman Tsangayar Injiniya ya gabatar a gaban ɗalibai. Mun buga ta kamar yadda ya karanta ta, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.)



Ina godiya ga ƙungiya da ta ba ni wannan dama. Na lura a cikin zauren nan akwai ɗaliban shari'a da na tarihi da na harshe, ban da na injiniya, saboda haka zan yi ƙoƙari in yi magana yadda kowa zai tafi da wani abu.

Ran 3 ga watan Yuni na 1998, wani jirgin ƙasa mai gudun gaske ya taso daga Munik zai tafi Hambug a ƙasar Jamus. Da ya iso kusa da wani gari da ake kira Eschede, sai zoben ƙarfen da ke kewaye da ɗaya daga cikin ƙafafunsa ya tsinke. Taragai suka goce daga kan dogo, suka daki ginshiƙin wata gada, gadar ta rufto musu. Mutum 101 suka rasa rayukansu. Da aka bincika, sai aka tarar wata 'yar tsaga ce ta daɗe tana cin zoben a hankali, duk juyin da ƙafar ta yi sai tsagar ta ɗan ƙaru, har ranar da sauran ƙarfen ya kasa. Injiniyoyi suna kiran wannan gajiyar ƙarfe. Tsohuwar cuta ce, domin tun 1842 karyewar sandar ƙafafun wani jirgin ƙasa ta hallaka mutane da yawa a hanyar Basai zuwa Faris, kuma a cikin shekarun da suka biyo baya wani Bajamushe mai suna August Wöhler ya ɓata shekaru yana gwada irin waɗannan sanduna don ya gane dalilin karyewarsu.

Na fara da wannan labari ne domin ku san abin da za mu tattauna ya shafi rai. Duk wanda ya hau mota ko jirgi ya ba wani guntun ƙarfe amanar ransa. Tambayar da ke gabanmu ita ce, ta yaya za a sami ƙarfe mai tauri wanda kuma ba shi da gautsi? In an ƙera shi, ta yaya za a san halinsa tun kafin a ɗora masa rayukan mutane? Kuma in kwamfuta ce ta ba da amsa, yaushe ya kamata a gaskata ta?

Abin da ke cikin ƙarfe

Ƙarfe a ido abu ne guda, sumul. Amma ku dubi sabon bokitin ƙarfe ko wani kwanon rufi, sau da yawa za ku ga wasu zane-zane kamar furanni. Kowane fure a cikinsu ƙwaya ce guda ta tutiyar da aka shafa wa kwanon. Haka kusan kowane ƙarfe yake a ciki, tarin ƙwayoyi ne manne da juna, sai dai yawancinsu ba sa ganuwa sai da madubin ƙara girma. A cikin kowace ƙwaya, ƙwayoyin zarra, waɗanda zan riƙa kira zarra kawai don kada mu rikice, suna jere sahu-sahu cikin tsari. Ku ɗauka kun hau dutse kuna kallon gonaki da damina. Kowace gona kunyoyinta a miƙe suke, amma na wannan sun fuskanci gabas, na maƙwabciyarta sun karkata kudu, tsakaninsu kuma akwai iyaka. To, gonar ita ce ƙwaya, kunyoyin su ne jerin zarra, iyakar kuwa ita ce iyakar ƙwaya.

Ma'aunin da ake auna waɗannan abubuwa shi ne maikiromita, watau milimita ɗaya a raba ta gida dubu, da nanomita, watau maikiromita ɗaya a sake raba ta gida dubu. Kaurin silin gashin mutum yakan kama daga maikiromita 50 zuwa 100. Ƙwayoyin ƙarfen da muka saba amfani da shi sukan kai maikiromita gomiya-gomiya. Tazarar da ke tsakanin zarra da zarra a jan ƙarfe kuwa wajen rubu'in nanomita ce.

Sa'an nan, me ke faruwa sa'ad da ƙarfe ya lanƙwasa bai koma yadda yake ba? A 1926 wani masani ɗan Rasha, Yakov Frenkel, ya lissafa ƙarfin da ake bukata kafin sahun zarra guda ya zame a kan ɗan'uwansa gaba ɗaya. Amsar da ya samu ta ninka abin da ake gani a gwaji sau ɗari, wani lokaci ma sau dubu. Wannan saɓani ya dami masana har 1934, shekarar da mutum uku, Taylor da Orowan da Polanyi, kowa a nasa gefen, suka kawo bayani iri ɗaya. Suka ce jerin zarra ba cikakke ba ne, akwai wuraren da wani sahu yake ƙarewa a tsakiya, kamar yadda za ku ga layin ƙwaya ya ɓace a tsakiyar goyon masara. Wannan aibi na jeri zan kira shi targaɗe. Targaɗen shi ke tafiya, zarra ɗaya bayan ɗaya, kuma tafiyarsa ba ta bukatar ƙarfi mai yawa. Wanda ya taɓa gyara shimfiɗar babbar darduma ya san wannan: jan ta gaba ɗaya sai ƙarti, amma in ka tayar da ɗan tudu a gefe guda ka kora shi da ƙafa zuwa ɗaya gefen, ko yaro ya gusar da ita. Sai a 1956 aka ga targaɗe yana tafiya ido da ido, a Kambirij ta Ingila, cikin madubin ƙara girma mai aiki da ilektiron.

Da zarar an fahimci wannan, hanyar ƙarfafa ƙarfe ta fito fili: a tare wa targaɗe hanya. Iyakar ƙwaya kuwa shinge ce, domin targaɗen da ya iso bakinta ba ya samun sahun da zai bi kai tsaye a gona ta gaba. Hall a 1951 da Petch a 1953, dukansu a Ingila, suka nuna ƙa'idar abin. In aka rage girman ƙwaya sau huɗu, ƙarfin da iyakoki ke bayarwa zai ninka biyu. In aka rage sau ɗari, zai ninka goma. Saboda haka tun daga shekarun 1980, bisa jagorancin Herbert Gleiter na Jamus, masana suka duƙufa wajen yin ƙarfe mai ƙwayoyin da ba su kai nanomita 100 ba.

Ƙarfi ya samu, amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. Irin wannan ƙarfe in aka ja shi, kashi kaɗan cikin ɗari yake miƙewa sai ya tsinke. Dalilin shi ne, ƙarfe mai manyan ƙwayoyi yana ƙara tauri yayin da ake miƙa shi, domin targaɗe suna yawaita suna sarƙe juna. Kun san yadda waya take yi in ana lanƙwasa ta, wurin da aka lanƙwasa sai ya taurare. Wannan ƙarin tauri shi ke kare ƙarfe, domin duk inda ya fara sirancewa sai wurin ya taurare, miƙuwar ta koma wani wuri. Tun 1885 injiniyan Faransa Armand Considère ya nuna cewa da zarar ƙarin taurin ya kasa rama sirancewar, sai sanda ta yi wuya a wuri guda ta tsinke a nan. Ƙwaya 'yar mitsitsiya kuwa ba ta da ɗakin tara targaɗe, don haka tana yin wuya tun da wuri. Ga tsaka mai wuya ke nan: manyan ƙwayoyi ga miƙuwa ba ƙarfi, ƙanana ga ƙarfi ba miƙuwa. Injiniya kuwa duka biyun yake so, domin ƙarfe mai miƙuwa yana yin gargaɗi kafin ya karye, mai gautsi ba ya sallama.

Girma hawa-hawa

Maƙeranmu sun san rabin amsar tun kaka da kakanni. Maƙeri yakan gasa bakin gatari ya tsoma shi cikin ruwa don ya yi tauri, amma ba ya son jikin gatarin duka ya zama haka, domin zai fashe a saran farko. Abin da ke faruwa cikin gatarin ya bambanta da batunmu, tun da can tsarin zarra ne ke sākewa saboda saurin sanyi, amma hikimar ɗaya ce: a sa tauri inda ake bukatarsa, a bar taushi inda zai yi amfani. Ko gora haka Allah ya halicce ta, zaruruwanta masu ƙarfi sun fi yawa a wajen bayanta, suna raguwa zuwa ciki.

A ƙarfe, wurin da ya fi bukatar tauri shi ne fata. Nan ake gugar sa, nan tsatsa ke farawa, in an lanƙwasa ko an murɗa sanda nan wahala ta fi yawa, kuma mafi yawan tsagogin gajiya daga nan suke tasowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ƙarshen shekarun 1990, Ke Lu da Jian Lu suka fito da dabarar mayar da ƙwayoyin fatar ƙarfe 'yan mitsi-mitsi ta hanyar jifan ta da ƙananan dunƙulen ƙarfe ba iyaka. Daga baya aka sami wata hanya ta murza fatar da kan wani ƙarfe mai tauri yayin da sandar ke juyawa. Tun da wahalar dukan tana raguwa da zurfi, girman ƙwayoyin sai ya tafi hawa-hawa: na nanomita gomiya a fata, na ɗaruruwa a ƙarƙashinsu, har a kai ga manyan ƙwayoyi na asali a ciki, ba tare da wata iyaka da za a ce nan wannan ya ƙare wancan ya fara ba.

A 2011 ƙungiyar Ke Lu ta Cibiyar Binciken Ƙarafa da ke Shenyang a ƙasar Sin ta buga sakamakon gwajin irin wannan sanda ta jan ƙarfe a mujallar Science. Fatar ta fi cikin ƙarfi sau goma, amma duk da haka ta miƙe tare da cikin, har tsawonta ya ninka fiye da biyu a wurin da ya fi miƙuwa, ba ta tsage ba. Fatar nan da a ce ita kaɗai ce, da tuni ta tsinke. Sun kuma ga cewa iyakokin ƙwayoyin fatar suna gusawa saboda jan, ƙwayoyin suna girma. A 2014 Xiaolei Wu da Yuntian Zhu da abokan aikinsu suka nuna a wani fallen baƙin ƙarfe cewa irin wannan tsari yana haifar da ƙarin tauri da babu shi a fatar ita kaɗai ko a cikin shi kaɗai.

Dalilin wannan ƙari yana da daɗin ji. In aka ja sandar, ciki mai taushi shi ke fara sallamawa, fata tana nan a dage. Ɓangaren da ya sallama yana son ya tsuke ta gefe fiye da wanda bai sallama ba, amma a manne suke, babu mai iya yin yadda ya ga dama. Sai su shiga jan juna ta kowace fuska. Daga baya in fatar ta so ta yi wuya a wuri guda, sai cikin ya riƙe ta ya hana. Wannan ja-in-ja yana sa miƙuwa ta bambanta daga zurfi zuwa zurfi, kuma tun 1970 Michael Ashby ya nuna cewa duk inda miƙuwa ta bambanta haka, tilas jerin zarra ya tara wasu targaɗe na musamman don kada ya yage. Waɗannan targaɗe na tilas su ne ƙarin shinge, su ne ƙarin tauri.

To, a nan wahalar injiniya take. A ƙarfen da muka saba, ana yanko guntu ɗaya a gwada, a sami lamba, a rubuta a littafi, kowa ya yi aiki da ita. A ƙarfe mai ƙwayoyi hawa-hawa babu lamba ɗaya. Ko ka yanka shi falle-falle ka gwada kowane falle ka ɗauki matsakaici, amsarka za ta gaza, domin ƙarin ƙarfin a zaman tare yake, ka kuwa raba su. Bugu da ƙari, tambayoyin da mai ƙira zai yi ba su ƙirguwa. Kaurin fatar nawa ya kamata? Girman ƙwaya ya hau da sauri ko a hankali? In za a amsa kowace da gwaji, shekaru da dukiya za su ƙare. Shi ya sa aka koma ga kwamfuta.

Matakala mai hawa biyar

Wani zai ce, tun da mun san dokokin da zarra ke bi, me zai hana a zuba dukkan zarra na sandar cikin kwamfuta a ja a gani? Bari mu yi lissafi. A cikin ɗan dunƙulen jan ƙarfe mai maikiromita ɗaya ta kowace fuska akwai zarra wajen biliyan 85. In muka yanki ɗan siririn ginshiƙi mai wannan faɗi daga fata zuwa zurfin maikiromita 100, mun tara zarra tiriliyan takwas da rabi. A 2017 masana a ɗakin bincike na Livermore a Amurka, da ɗaya daga cikin manyan kwamfutocin duniya, sun kwaikwayi lanƙwasar wani ƙarfe da zarra miliyan 268, aka kuma yaba aikin ƙwarai. Ɗan ginshiƙin namu ya ninka wannan fiye da sau dubu talatin, alhali bai kai ko kaurin gashi ba. Matsalar lokaci ta fi wannan muni. Zarra tana karkarwa da sauri ƙwarai, don haka kowane taki na lissafi ba ya wuce sakan ɗaya a raba shi gida miliyan, kowane gida a sake raba shi gida biliyan. Gwajin ja a ɗakin bincike kuwa mintoci yake ci, gajiyar ƙarfe kuma shekaru.

Saboda haka aka raba aikin hawa-hawa, kowane hawa da irin lissafinsa, kowane kuma yana miƙa wa na sama da shi taƙaitaccen abin da ya gano.

Hawa na farko shi ne na ilektiron, inda ake amfani da lissafin kwantam bisa hanyar da Hohenberg da Kohn da Sham suka shimfiɗa a 1964 da 1965, wadda ta sa Walter Kohn ya sami lambar Nobel a 1998. A nan zarra ɗaruruwa kaɗai ake iya ɗauka, amma ana samun ainihin ƙarfin da ke ɗaure su.

Hawa na biyu shi ne lissafin motsin zarra. Ana mance da ilektiron, a maye gurbinsu da wata ƙa'ida mai sauƙi ta yadda zarra ke ja da tura juna, irin wadda Daw da Baskes suka tsara wa ƙarafa a 1984. Wannan fanni ya faro da Alder da Wainwright a 1957, a 1964 kuma Aneesur Rahman, haifaffen Indiya, ya kwaikwayi ruwan iskar argon da zarra 864. A wannan hawa ne ake ganin yadda iyaka ke haifar da targaɗe, da yadda take haɗiye shi, da yadda take gusawa. Ya kuma yi wa duniya aiki na gaske. A 1998 da 2003 Jakob Schiøtz da Karsten Jacobsen na ƙasar Danmak suka nuna da shi cewa ƙa'idar Hall da Petch tana da iyaka: a jan ƙarfe, ƙarfi yana kai ƙololuwa a wajen nanomita 10 zuwa 15, ƙasa da haka sai ƙwayoyin su fara zamewa a kan juna, ƙarfen ya koma yin laushi. Wanda bai san wannan ba zai yi ta niƙa fatar ƙarfensa yana zaton ƙarfi yake ƙarawa.

Hawa na uku shi ne lissafin motsin targaɗe, wanda ya bunƙasa a shekarun 1990. A nan an mance da zarra, ana bin targaɗen kansu kamar zaruruwa masu tafiya suna sarƙewa, bisa dokokin gudu da karo da aka karɓo daga hawa na biyu. Da shi ake ganin yadda suke cunkushewa a bakin iyaka.

Hawa na huɗu shi ne na ƙwayoyi. Ba a bin targaɗe ɗaya-ɗaya kuma, yawansu kawai ake ƙiyastawa. Ana zana ɗaruruwa ko dubban ƙwayoyi, ƙanana a sama manya a ƙasa, kowace da fuskar da kunyoyinta suka kalla, a ja su tare. Tushen wannan hanya aikin Peirce da Asaro da Needleman ne na 1982.

Hawa na biyar shi ne na injiniya, inda ake ɗaukar sandar ko ƙafar jirgin gaba ɗaya a yanka ta gunduwa-gunduwa a cikin lissafi, hanyar da ta samo asali daga masu ƙera jiragen sama a 1956, Ray Clough kuma ya raɗa mata suna a 1960. Kowace gunduwa ana ba ta hali gwargwadon zurfinta daga fata. Akwai kuma dabarun haɗa hawa biyu a lissafi guda, kamar wadda Tadmor da Ortiz da Phillips suka fitar a 1996, inda ake bin zarra ɗaya-ɗaya a bakin tsaga kaɗai, sauran jikin a bar shi gunduwa-gunduwa. Irin wannan tunani na haɗa hawa da hawa, a fannin kimiyyar sinadarai, shi ya sa aka ba Karplus da Levitt da Warshel lambar Nobel a 2013.

Inda saƙo yake ɓata

Yanzu na iso ga abin da na fi so ku riƙe. Ɗaliban addini da ke nan sun san yadda malaman hadisi suke yi da ruwaya. Daɗin lafazi ba ya wadatar da su, sai sun bi isnadi sun tambaya: wane ya karɓa daga wane, sun haɗu kuwa, mai riƙo ne ko mai mantuwa? In mutum ɗaya a silsilar ya raunana, ruwayar ta raunana. Ba darajar ilmin biyu nake gwamawa ba, ladabin bincike nake so mu ara. Kwaikwayo mai hawa-hawa silsila ce, amsar da ta fito a sama kuma ba ta fi mafi raunin miƙawar da aka yi a ƙasa inganci ba. Ga wurare huɗu da saƙon yakan ɓata.

Na ɗaya, sauri. Saboda ƙarancin lokacin da lissafin zarra ke iya ɗauka, ana jan ƙarfen cikin kwamfuta da saurin da ya ninka na ɗakin gwaji fiye da sau biliyan. Duk abin da ke bukatar lokaci, kamar rarrafen zarra a kan iyaka, ba ya samun sukunin faruwa. Don haka hawa na biyu amintacce ne wajen nuna irin abin da zai iya faruwa, amma lambar ƙarfin da ya bayar ba a ɗaukar ta kai tsaye a kai sama.

Na biyu, girma. Tsohon lissafin lanƙwasa na injiniyoyi bai san tsawo ba, a wurinsa waya mai kauri da siririya halinsu ɗaya. A 1994 Fleck da Muller da Ashby da Hutchinson suka gwada wayoyin jan ƙarfe masu kauri daga maikiromita 12 zuwa 170. Da aka ja su, bambancin kaɗan ne. Da aka murɗa su, sai sirara suka fi masu kauri ƙarfi nesa ba kusa ba, saboda targaɗen tilas ɗin nan na Ashby. Wanda ya kwaikwayi ƙarfe mai ƙwayoyi hawa-hawa da lissafin da bai san wannan ba, ya zubar da ainihin abin da yake nema tun kafin ya fara.

Na uku, gaurayar dalilai. Dukan da ke niƙa ƙwayoyin fata yana kuma barin fatar a matse, matsin kuwa shi kaɗai yana hana tsaga buɗewa. Yana kuma sāke santsin fatar, ya cika ta da targaɗe. In sandar ta daɗe ba ta gaji ba, wanne daga cikinsu ya yi aikin? Kwaikwayon da ya jingina komai ga girman ƙwaya zai iya dacewa da gwajin yau, ya yi ƙarya gobe sa'ad da zafi ya saki matsin. Ƙananan ƙwayoyin ma ba dauwamammu ba ne, zafi kaɗan yana sa su girma, a tataccen jan ƙarfe ma har a zafin ɗaki.

Na huɗu shi ne mafi haɗari, domin a zuciyar mai binciken yake. Kowane kwaikwayo yana da lambobin da ake daidaitawa. In suna da yawa, kana iya murɗa su har layin kwamfuta ya hau kan layin gwaji daram, ka kai wa malaminka yana murna kana murna. Wannan bai tabbatar da komai ba. Tela ne ya auna mutum ya ɗinka masa riga, sa'an nan ya ce ya yi duba ya gano tsawonsa. Jarrabawar gaskiya ita ce a daidaita lambobin da gwaji guda, a kulle su, sa'an nan a faɗi abin da zai faru a wani gwajin dabam, misali sanda mai wani kaurin fata, ko murɗa maimakon ja, kafin a je a gwada.

In aka kiyaye waɗannan, kwamfuta da ɗakin gwaji sukan yi aikin da ɗayansu ba ya iyawa shi kaɗai. A 2018 ƙungiyar Lei Lu ta Shenyang tare da ta Huajian Gao, wanda a lokacin yake Jami'ar Brown a Amurka, suka yi jan ƙarfe wanda girman ƙwayoyinsa da tazarar wasu siraran iyakoki na cikin ƙwaya suke tafiya hawa-hawa. Gwaji ya nuna wanda hawansa ya fi tsanani ya fi ko mafi ƙarfin fallensa ƙarfi. Madubi ya nuna dami-dami na targaɗe a cikin ƙwayoyin, lissafin zarra kuma ya nuna yadda damman suke ƙulluwa. Kowane ɗaya ya zama shaida ga ɗan'uwansa.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, wannan fage ba a rufe yake gare ku ba. Manhajar LAMMPS ta lissafin zarra, wadda aka rubuta a ɗakin bincike na Sandia a Amurka, kyauta ce. Haka DAMASK ta lissafin ƙwayoyi, wadda ta fito daga wata cibiyar Max Planck a Dusildof. Da kwamfutar da ke cikin jakar wasunku ana iya kwaikwayon zarra dubu ɗari, fiye da abin da Rahman ya samu sau ɗari. Abin da ba a saukowa da shi daga intanet shi ne lissafi mai tushe, da haƙurin goge guntun ƙarfe a dube shi a madubi, da gaskiyar da za ta sa mutum ya rubuta cewa kwaikwayonsa ya saɓa wa gwaji in ya saɓa.

Saboda haka duk ranar da aka nuna muku hoto mai launi-launi daga kwamfuta aka ce ga yadda ƙarfe zai yi, ku yi tambaya uku. Daga wane hawa wannan lamba ta fito? Me aka zubar a hanya kafin ta iso nan? Da wane gwaji aka jarraba ta, wanda ba da shi aka daidaita ta ba? Wata rana ɗayanku ne zai sa hannu a takardar da ta ce wannan sanda za ta ɗauki wannan kaya, mutanen da za su hau kuwa ba za su taɓa sanin sunansa ba, sun dai ba shi amana.

Shugaban zama, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi. Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure kuma ina fatan malamaina da ke nan za su gyara mini.